Kofur Datti, Mai Koyar da Ƙwallon da Aka Rubuta Lebura

Ka sha ganinsa, mai karatu, kada ka ce ba ka san shi ba. In kai ma'aikaci ne mai hawa keke daga Kawo zuwa ofis da sassafe, ka sha wuce shi yana sunkuye a filin ƙwallon kwalejin nan ta Kaduna da 'yan gari ke kira Gidan Dutse, ka kau da kai ka ci gaba da tafiyarka. In ɗanka ko ƙanenka ya yi karatu a can, ka zo kallon wasa ranar Asabar cikin babbar riga, ka tafa wa yara, ka gaisa da malamai hannu biyu, amma mutumin da ke tsaye bayan raga da bokitin ruwa ko sannu ba ka ce masa ba. In kuwa kai kanka ka ci tuwon kwalejin nan, to laifinka ya fi na kowa, domin ka san abin da za a faɗa a nan tun kafin a faɗe shi, kuma shekara uku ke nan bakinka a rufe.

Sunan mutumin Datti. Ɗalibai suna ce masa Baba Kofur. Shekara goma ke nan shi ke koyar da ƙwallon ƙafa a Gidan Dutse, amma a takardun kwaleji sunan aikinsa lebura mai kula da fili. A ƙarshen watan Disamba na bana, 1958, za a sallame shi, sai fa in kwamitin kwaleji ya sake shawara. Abin da ya sa za a sallame shi wata takarda ce guda ɗaya, kuma abin da ke cikinta ba gaskiya ba ne.

Ga yadda yininsa yake. In ya idar da sallar asuba sai ya taso daga Kawo a ƙasa, domin gwiwarsa ta hagu ba ta yarda da keke. Yana isa bakin fili sai ya tuɓe takalminsa ya rataye a jikin ƙarfen raga, ya shiga takawa daga wannan gefe zuwa wancan, layi layi, kamar mai bin kunya a gona. Tsidau yake nema, da fasasshiyar kwalba, da ramukan da kofaton shanu ke bari in makiyaya sun ratsa ta wurin. Ido ba ya ganin tsidau cikin ciyawa, shi ya sa yake nemansa da tafin ƙafa. In ya gama sai ya ɗauki langalanga ya yanke inda ciyawa ta taso, ya dama farar ƙasa ya sabunta layuka, ya zauna gindin ɗorawa ya yi wa ƙwallaye iska da famfo, ya ɗaure bakinsu da zaren fata. Wannan shi ne aikin da aka ɗauke shi ya yi. Wanda ba a ɗauke shi ya yi ba yana farawa ne bayan la'asar, sa'ad da ya hura usur, samari wajen arba'in suka fito da gudu daga ɗakunan kwana.

Ba a makaranta ya koyi wannan ba. An haife shi a wani ƙauye gabas da Zariya, ubansa manomi. Ya yi karatun allo, ya yi noma, ya yi dambe har ana jin sunansa a ƙauyuka uku. A 1941 ya shiga soja. A bariki ya fara ganin ƙwallon fata, kuma a can wani sajen Bature mai horar da motsa jiki ya lura yana da numfashi, ya jawo shi kusa ya koya masa yadda ake tsara mutum goma sha ɗaya a fili, da yadda ake ɗaure targaɗe, da yadda ake gane wanda ya gaji da wanda ke lalaci. Ya je yaƙin Bama, ya dawo da igiya biyu a hannun riga. Da aka sallami soja ya yi shekara biyu yana aikin ɗora kaya a tashar jirgin ƙasa, yana buga wa ƙungiyar ma'aikata wasa a matsayin ɗan baya, har ran da wani ya taka masa gwiwa ya kwana arba'in bai miƙe ba. A 1948 aka buɗe Gidan Dutse, ana neman mai share fili, ya je ya tsaya a layi. Iyakar takardun da ya nuna ke nan: shaidar sallama daga soja.

Ba wanda ya ce masa ya koyar. Wata rana yana yankan ciyawa ya ga yara ashirin da biyu sun dunƙule wuri ɗaya suna bin ƙwallo kamar kaji an watsa musu tsaba, har masu tsaron gida biyun. Ya ajiye langalanga ya ce, "Kai, kai, kai! Wannan ai ba wasa ba ne, wawaso ne. Ku zo nan." Ya tsinto duwatsu goma sha ɗaya ya jera a ƙasa, ya nuna wa kowa dutsensa. Daga ran nan bai sake samun la'asar ta kansa ba.

Kwalejin tana da malamin wasanni a rubuce. Kowace shekara ana ɗora wa wani malami wannan suna a kan darussansa, ko ya taɓa buga ƙwallo ko bai taɓa ba. Shi ke sa hannu a takarda, shi ke zama kusa da kofi in an zo ɗaukar hoto. Duk wanda ya shiga zauren kwalejin zai ga hotunan nan jere a bango. Datti ba ya cikin ko ɗaya. A na 1953 dai ana ganin rabin bokitinsa a gefen dama.

Waɗanda suka wuce ta hannunsa suna da labarinsa iri iri. Sun ce da azumi ba ya sa kowa gudu, sai ya zaunar da su a inuwa ya koma ga duwatsunsa, har yaro ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ko da an rufe masa ido. Sun ce ɗalibin da ya zo daga Kagoro da wanda ya zo daga Daura duk sunansu ɗaya a bakinsa, wato "kai mai lamba kaza". Bala, wanda ya tsare wa kwalejin gida shekara huɗu, ya ce Kofur ya zaɓe shi ne ran da ya ga ya cafe mangwaron da wani ya jefo daga bisa ba tare da ya daina magana ba. Waɗannan duk gaskiya ne. Amma labarin da ya shafi sallamar nan shi ne na takalma.

A 1955 Gidan Dutse ta kai wasan ƙarshe na kofin kwalejoji. Har zuwa lokacin yaranmu ƙafa ba takalmi suke wasa, wasu su naɗa bandeji a idon sawu, shi ke nan. Abokan karawarsu kuwa, wata kwaleji daga wajen Zariya, shekara biyu ke nan suna wasa da takalmi. A kwamitin Gidan Dutse akwai wani ɗan kwangila, Alhaji Inuwa, mutum mai kyauta da son a ga 'yan Arewa sun fito fes. Ya ce ba zai zauna cikin rumfa tare da manyan Turawa da matansu ba yana kallon 'ya'yan Musulmi suna gudu ƙafa fayau kamar masu kiwon awaki. Daga aljihunsa ya yi odar takalman ƙwallo daga Ikko. Niyyarsa kyakkyawa ce, kada a ce an ce wani abu dabam. Amma akawun da ya rubuta odar bai auna ƙafar kowa ba. Ya bi yadda ake raba wando da riga ne, 'yan aji ɗaya lamba kaza, 'yan aji huɗu lamba kaza.

Wasa ranar Asabar ne, takalma suka iso ranar Alhamis da la'asar. Alhaji da kansa ya kawo su cikin motarsa har bakin fili. Malamin wasanni na shekarar, Malam Ja'afaru, saurayi ne mai koyar da lissafi, yana biye da shi. Aka fasa akwati, yara suka yi ta sowa. Datti ya ɗauki ƙafa ɗaya, ya danna bakin da babban yatsa, fatar ba ta ko motsa ba. Ya zura hannu ciki ya ji kan ƙusa, domin ƙusoshi ne ke riƙe da dungun fatar da ke ƙarƙashin takalmin.

Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri. Kaya sun yi kyau. Amma ba na jibi ba ne."

Alhaji ya ce, "Na yaushe ne? Na ranar tashin ƙiyama?"

"Na baɗi ne, ranka ya daɗe. A soja ko fareti ba a yi da sabon takalmi, balle gudu. Sai an jiƙa shi, an shafe shi da mai, ya san ƙafa, ƙafa ta san shi. Ga damina ta janye, ƙasa ta fara tauri, ƙusoshin nan sama za su yi. Kuma an ɗinka su ne don ƙafar Bature, siririya kamar rogo. Sanda, ɗago ƙafarka Alhaji ya gani."

Sanda shi ne shugaban 'yan wasa, ɗan manomi daga ƙasar Katsina, wanda ban da takalmin fade bai taɓa sa wani ba. Ya ɗago ƙafa, ga ta nan shimfiɗe kamar faifai, yatsu kowanne ya kama gabansa. Yara suka fashe da dariya. Alhaji bai yi dariya ba. Ya juya ya ce, "Malam Ja'afaru, wai wane ne malamin wasanni a nan, kai ko mai yankan ciyawa?"

Malam Ja'afaru ya ce, "Ni ne, Alhaji." Sa'an nan ya dubi ƙasa ya ce, "Kofur, ka ji abin da aka ce. Za su sa."

Mutum goma sha ɗaya da za su buga wasan duk suna tsaye a wurin, kowa ya ji da kunnensa.

Ranar Juma'a Datti ya yi abin da za a iya yi cikin yini ɗaya. Ya jiƙa takalman, ya daddake kawunan ƙusa da guduma, ya yayyaga tsohon zanen matarsa ya ba yara su naɗa a diddige. Bai isa ba, shi ma ya san bai isa ba.

Ranar Asabar da yaran suka shigo fili cikin sababbin takalma mutane suka miƙe suna tafi. Minti goma aka yi ana jin daɗi. Daga nan sai aka ga yaran da ke tsere da iska suna ɗingishi kamar masu taka garwashi. Ƙwallon da suka saba tarewa da tafin ƙafa ta kwanta musu, yanzu sai ta bugi taurin fata ta yi nata wuri. Kafin hutun rabin lokaci an zura musu uku.

Suka zube a bayan raga. Sanda ya zare takalmin dama, tsumman da ya naɗa ya manne da jini. Ya ce, "Baba Kofur, mu cire. Wallahi in muka cire za mu rama."

Datti ya dubi rumfa inda Alhaji ke zaune. Ya dubi Malam Ja'afaru. Malam Ja'afaru ya ce, "Ba wanda zai cire. Kuna so a ce mun mai da kyautar Alhaji abin dariya gaban Turawa?"

Datti soja ne, an ba da oda a gabansa. Ya durƙusa ya wanke wa Sanda ƙafa, ya sake naɗa masa tsumma, ya mayar masa da takalmin da hannunsa. Har yau in an tambaye shi kuskurensa a aikin nan, wannan kaɗai yake ambata. An tashi biyar da ɗaya. Yara huɗu sun yi mako biyu ba su shiga aji ba. Diddigen Sanda ya ruɓa har aka kwantar da shi asibiti.

Ranar Litinin Shugaban kwaleji ya nemi bayani a rubuce. Malam Ja'afaru ya rubuta shafi ɗaya da Turanci. Bai ambaci ranar da takalma suka iso ba, bai ambaci lambobinsu ba, bai ambaci maganar da aka yi a bakin fili ba. Abin da ya rubuta shi ne, mutumin da ke taimakawa wajen horar da yara ba shi da ilmin wasan zamani, bai san wasa da takalmi ba, shi ya sa yara suka kasa. Aka huda takardar aka sa a fayil ɗin Datti. Ba wanda ya karanta masa.

Wani da aka yi wa haka gaban jama'a sai ya koma ga langalangarsa ya ce kowa ya ji da kansa. Datti kuwa ya tattara takalman cikin buhu ya saɓa zuwa Kawo. Matarsa Hansai, wadda ke suyar ƙosai a bakin hanya, ta dawo ta tarar da tukunyar da take jiƙa wake cike da takalma.

Ta ce, "Malam, lafiya? Waɗannan baƙi kuma daga ina?"

Ya ce, "Kwana uku kawai za su yi."

"Kwana uku a tukunyar sana'ata? Mutanen Kawo za su ci ƙosai mai ƙamshin ƙafar ɗan kwaleji? Kuma ina man kaɗanyata da na ajiye bisa katanga?"

"Yana jikinsu."

"To madalla. Ni ƙafata duk faso, takalmi na sheƙi."

Sun yi wata guda, ba kwana uku ba. Hansai ta ari tukunya a maƙwabta, kuma har yau in an tashi zancen kofi takan ce rabinsa nata ne.

Daga nan ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taka takardar buhun siminti, ya zana masa ƙafa da gawayi. Ya ɗauki zanen da takalman ya tafi Babbar Kasuwa wurin wani baduku, Sabo, Bakano, abokin wasansa tun da shi Bazazzagi ne.

Sabo ya juya takardun ya ce, "Kofur, waɗannan ƙafafun mutane ne ko na raƙuma? Ko duk Zazzagawa ne?"

Datti ya ce, "Da Kanawa ne ai da tuni sun sayar da takalman sun ci riba. Ka iya ko in nemi baduku na gaske?"

"Ajiye, ajiye. Takalmin Ingila a hannun ɗan Kano, yau zai ji Hausa."

Sabo ya tsaga kowane takalmi ta gefe, ya sa masa ƙari na jar fata mai laushi daidai faɗin ƙafar mai shi. Ya cire ƙusoshi ya rage tsawonsu, ya mayar, ya shimfiɗa fata a ciki. Sa'an nan Datti ya fara horon da ba a taɓa gani ba a kwalejin. Wata na farko ba wanda ya taɓa ƙwallo da takalmi. Yaro zai sa ya yi tafiyar sa'a ɗaya ya cire, Datti ya duba masa ƙafa yatsa yatsa, inda ya ga ja sai takalmin ya koma wurin Sabo. Wata na biyu suna tafiya Kawo su dawo, mutane na tsokanarsu wai sojan Kofur sun fito fareti. Sai a wata na uku ya jefa musu ƙwallo, ya shiga raba su da ɗabi'ar da taurin takalmi ke koya wa mutum, ta dungurin ƙwallo da bakin takalmi. Duk wanda ya yi dungure zai zaga fili sau biyu.

A 1956 Gidan Dutse ta sake haɗuwa da kwalejin nan ta wajen Zariya a wasan ƙarshe, kowa da takalminsa, ta ci biyu ba ko ɗaya. A 1957 ta sake ɗaukar kofin. Yanzu makarantu har daga nesa suna aiko wa Sabo takalma da zanen ƙafa a takardar siminti, suna ce masa a yi musu irin na Gidan Dutse. Alhaji Inuwa ya yanka sa, ya zauna tsakiyar hoto. Ba wanda ya tuna da shafin nan ɗaya da ke kwance cikin fayil.

Bana kwalejin ta ga ya kamata ta ɗauki malamin motsa jiki na sosai, mai wannan aiki kaɗai. Wannan shawara ce mai kyau, an ma makara. Sharaɗin da ta sa shi ne satifiket, ko kuwa doguwar hidima da kyakkyawar shaida in kwamiti ya yarda. In sabon malami ya zo, yankan ciyawa za a ba 'yan aikin yini, ba sauran bukatar mai kula da fili. Sanda, wanda yanzu ke koyarwa a wata firamare a nan Kaduna yana kuma horar da nasa yaran, ya je wurin Shugaban kwaleji na yanzu ya ce ga mai doguwar hidima nan a bakin fili. Shugaban sabon zuwa ne, bai ga abin da ya faru ba. Ya buɗe fayil. Takarda uku ce a ciki: ta ɗaukar aiki, ta karɓar langalanga biyu, sai shafin Malam Ja'afaru. Ya ce wa Sanda, "Ni takarda nake bi. In wannan ba daidai ba ce, waɗanda suka gani da idonsu su kawo mini wata kafin kwamiti ya zauna, zan karanta ta a gabansu."

Wannan shi ne ciwonmu, kuma ba a Gidan Dutse kaɗai yake ba. Mun yi karatu kaɗan, sai muka ɗauka duk abin da ba a rubuta da Turanci ba bai faru ba. Kofi biyu suna cikin zaure kowa na gani, amma shafi ɗaya ya fi su nauyi. Muna ta zancen mulkin kai a kowane taro, muna cewa a ba 'yan ƙasa aiki, ga ɗan ƙasa ya yi aikin shekara goma a gabanmu muna shirin korarsa domin wani ya ji kunyar faɗa wa mai kuɗi gaskiya. Sanda ya bi Malam Ja'afaru har garin da aka mai da shi, inda ya samu girma. Malam Ja'afaru bai yi musu ba. Ya ce, "Na rubuta abin da za a iya karantawa gaban Alhaji ne. Yaro nake a lokacin." Aka ce to ya rubuta wannan ɗin. Ya ce zai duba. Wata biyu ke nan yana dubawa.

Makon jiya Sanda ya zauna da Datti gindin ɗorawa ya fassara masa shafin da Hausa, karo na farko cikin shekara uku. Datti yana ɗaure bakin ƙwallo, bai ɗago ba sai da aka kai ƙarshe.

Ya ce, "Sake karanta mini wurin takalmi."

Sanda ya sake.

"To, akwai gaskiya kaɗan. A lokacin ban taɓa koyar da wasa da takalmi ba. Ina wurin da aka rubuta cewa na faɗa musu?"

"Babu, Baba Kofur."

"Duba baya."

"Bayan fari ne."

Ya ja zaren da haƙori ya ƙulle. Sa'an nan ya ce, "Aiki nasu ne, su ba wanda suka so. In mai satifiket ya zo zan nuna masa inda ruwa ke kwanciya a filin kafin in tafi. Amma a rubuta cewa na faɗa. Kada wata rana jikana ya iya Turanci ya je ya karanta cewa ni na gurgunta 'ya'yan mutane."

Sanda ya ce su je tare su bi tsofaffin 'yan wasan ofis ofis. Datti ya ce, "Ni in je in tsaya bakin ƙofar yaron da na wanke wa ƙafa, masinja ya ce mini in jira? A'a. Wanda ya tuna ya tuna." Ya hura usur, yara suka fito.

Kofur Datti na Hansai, soja mai usur! Kai ne ka ɗauki aikin da ba a ba ka ba, ka riƙe shi shekara goma ba ka fasa la'asar ɗaya ba. Kai ne ka faɗi gaskiya gaban mai mota sa'ad da masu satifiket suka sunkuyar da kai. Da aka ƙi ji aka yi ɓarna, kai ne ka saɓi ɓarnar a buhu ka kai ta gida ka gyara. Yaran da ka horar yau suna koyarwa daga Ilori har Nguru, kowannensu in ya jera duwatsu goma sha ɗaya a ƙasa, darasinka yake maimaitawa. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba gwiwar nan lafiya, ya saka wa Hansai da Sabo. Malaman da ke tasowa su dube ka su koya: a auna ƙafar yaro kafin a saya masa takalmi, kuma in babba ya yi kuskure a faɗa masa da ladabi tun kafin jini ya zuba.

Amma godiya ba ta shiga fayil. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, ashirin da bakwai ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe. 'Yan wasa goma sha ɗaya ne suka ji abin da Datti ya faɗa wa Alhaji Inuwa. Biyu sun rubuta, Sanda da Bala. Saura tara, kuma shida daga cikinsu a nan Kaduna suke aiki, tafiyar rabin sa'a a keke. Malam Ja'afaru, kai ne na goma, kuma taka ta fi ta kowa nauyi, ka daina dubawa. Alhaji Inuwa, kana cikin kwamitin, ba wanda zai rage maka daraja in ka miƙe ka ce mutumin nan ya faɗa mini ban ji ba. Sauran masu karatu da suka ga wasannin 1956 da 1957, ku rubuta wanda kuka gani tsaye da yaran.

Ku tara ɗin nan kuwa, in wani a cikinku ya ce ya manta, yau in ya koma gida ya tuɓe takalmin ofis ya dubi diddigensa, tabon yana nan. Sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya rubuta layi uku: ranar da takalma suka iso, abin da Kofur ya ce, da wanda ya ce a sa. Ya sa hannu, ya kai ofishin kwaleji da ƙafarsa kafin ranar Laraba ta faɗi.